Yadda za ka ci moriyar daren hunturu da littafin labari

Jama'a sanyi ya kankama, kuma duk wanda yake zaune a Kano ya san yadda garin nan yake komawa daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, hazo ya lulluɓe ko'ina har dutsen Dala ma sai ka matso kusa kake ganinsa sosai, tun wajen ƙarfe 6 an kira magariba alhali da damina sai kusan 7, ana idar da isha'i majalisa ta fara watsewa kowa ya shige ɗaki ya ja bargo, in ba teburin mai shayi ba da wajen mai tsire ba ka ganin taron mutane a layi. To wannan dogon daren me muke yi da shi? Yawancinmu waya ce a hannu ana ta dannawa har barci ya sace mutum, gari ya waye ka rasa abu ɗaya da za ka ce ka ƙaru da shi. Ni dai a wajena duk shekara babu lokacin da ya kai wannan daɗin karanta littafin labari. Da bazara ɗaki ba ya zaunuwa, cikin Afrilu ko a tsakar gida ka kwanta zufa kake, amma hunturu shi da kansa yake kamo ka ya zaunar da kai wuri ɗaya, saura kawai ka san me za ka riƙe a hannu da yadda za ka tsara abin.

Kafin a zo kan littafin ma bari mu fara da haske, don shi ne yake kashe wa mutane gwiwa tun a daren farko. Wutar lantarki ba abar dogaro ba ce kowa ya sani, don haka ka tanadi fitila mai caji ko ta sola, in ta sola ce ka fito da ita tun da hantsi kuma ka dinga goge gilashinta da tsumma, saboda hazo yana rage ƙarfin rana ga ƙura tana kwanciya a kai, sai ka ga fitilar da take kai ka tsakar dare da bazara yanzu tun ƙarfe 9 ta fara lumshewa. Ka ajiye ta ta bayan kafaɗarka hasken ya sauka kan takarda, kar ka sa ta a gabanka tana dukan ido. Kyandir kam don Allah a haƙura da shi, wannan lokacin komai a bushe yake ga iska, lokacin gobara ne, mutum yana cikin karatu barci ya ɗauke shi kyandir ya faɗa kan katifa ko gidan sauro shikenan. Haka kaskon gawayi, na san daɗin ɗuminsa, amma gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, in aka rufe ƙofa da taga da shi a ciki mutane sai su yi barcin da babu tashi, kuma ana rasa rayuka ta haka. A ji ɗumin a tsakar gida ko a soro, a kashe shi tas kafin a shiga, a ɗaki kuwa bargo da safa da rigar sanyi sun wadatar, kasuwar Ƙofar Wambai ga su nan jibge.

To sai littafi. Mutane suna yawan tambaya wane littafi ne ya fi daɗi, alhali tambayar da ta kamata ita ce da wa zan karanta, kuma ƙarfe nawa. Littafin bayan isha'i da yara zagaye da kai daban, na ƙarfe 10 bayan gida ya yi tsit daban, in ka haɗa su ka juya su duka biyun ba za su yi maka daɗi ba.

Na bayan isha'i ba sai an yi dogon nema ba, Magana Jari Ce ne na Abubakar Imam, littafi uku ne da suka fito daga Zariya tsakanin 1937 da 1939. Na san da yawa za su ce ai mun karanta shi a makaranta, e kun karanta don jarrabawa, wannan karon ku karanta don daɗi ku ji bambanci. Abin da ya sa nake ce masa littafin hunturu, shi kansa ginin labarin na dare ne. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri na ƙulla makircin hallaka yaron, shi kuma Musa duk hankalinsa yana wajen abokinsa Mahmudu da ya bi runduna, kullum dare sai ya yi shiri tsaf ya zo sallamar wani aku mai magana da yake fadar zai fita, aku kuwa ya san in ya fita ba dawowa, sai ya ɗauko labari ya riƙe shi da shi har gari ya waye. Wato da zaƙin baki kawai tsuntsu ya hana yaro fita cikin dare, kuma wallahi aikin da duk wani uba da duk wata uwa a garin nan suke fatan su iya kenan yanzu. Imam ya ɗebo labaran ne daga wurare da yawa, na Larabawa da na Indiya da na Turai, amma ya sa musu riga da hula ta Hausa har ba ka gane baƙi ne. Kuma gajeru ne, kowanne zama ɗaya ya ishe shi, ga na dariya irin su Kalala da Kalalatu da Sahoro da Sahorama, ga masu sa yaro ya yi shiru yana tunani.

Amma fa karanta wa mutane a bayyane shi ma sai an koya, ba wai ka buɗe ka yi ta zuba ba. Abu na farko ka leƙa labarin da rana kai kaɗai, ko minti 10 ne, don ka san inda ake dariya da inda ake tsoro da inda akwai tsohuwar Hausar da yaran yanzu ba su sani ba, kayan yaƙi da sunayen sarautu da kayan doki duk za ka ci karo da su, in ka san ma'anarsu tun da wuri ba za ka yi ta inda-inda a gaban yara ba, in ba ka sani ba ka tambayi tsohon gida, Hajiya ko Baba za su faɗa maka har su ƙara da nasu labarin, kaga an jawo su cikin hirar su ma. Na biyu ka canza murya, Sarki da muryarsa Waziri da tasa aku da tasa, kar ka ji kunya, yara ba sa mantawa da wannan har su tsufa. Na uku kuma wanda ya fi duka muhimmanci, ka tsaya tun ana so. Kar ka jira sai ƙaramin ya fara gyangyaɗi babban ya fara laluben waya, rabin awa ya isa, ka rufe littafin daidai inda aka ƙagu a ji me zai faru, su yi ta magiya ka ce sai gobe in Allah ya kai mu. Gobe ba kai za ka kira su ba, su za su ɗauko littafin su kawo maka. Bayan kwana biyu ka fara miƙa wa wanda ya iya karatu a cikinsu ya karanta shafi ɗaya, in ya yi tuntuɓe kar a yi masa dariya, a gyara masa a hankali, da yawan yaranmu da suke makarantun kuɗi Turanci suke karantawa tiryan-tiryan amma ka ba su Hausa sai su tsaya suna haɗa baƙi, abin yana damuna sosai, kuma wata biyu na irin wannan zaman yana gyara shi. Ai da can haka kakanni suke yi, ba a tatsuniya da rana, sai dare ya yi a taru a ce ga ta nan ga ta nanku, abin da ya canza kawai yanzu labarin yana kan takarda. Wayoyi kuma a tara su wuri ɗaya har da taka, in kai mai karatun kana leƙa WhatsApp tsakanin shafi da shafi to ka rusa komai.

Maƙogwaro ma a kula da shi, iskar nan tana busar da shi, mai karatu ya ajiye shayi mai citta da kanumfari kusa ko ruwan ɗumi da zuma, yana yi yana kurɓa.

In aka gama da aku, ko kuma in kai ne ka daɗe rabonka da littafi kana son wanda ba zai gajiyar da kai ba, ka nemi Ruwan Bagaja. Shi ma na Imam ne, ya rubuta shi yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Katsina, don gasar rubutun da aka sa a 1933 ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi Rupert East, gasar da za a iya cewa daga ita ƙagaggen labari na boko ya kafu a Hausa. Ɗan siriri ne, dare biyu ko uku ka gama, Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, duk garin da ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan ƙeta gobe wancan ya rama. Dariya ce zalla, kuma daɗin gama littafi guda cikin kwana uku shi yake ba mutum ƙarfin ɗaukar na gaba, shi ya sa ban yarda mai farawa ya fara da ƙaton littafi ba. A gasar nan aka samu Ganɗoki na Bello Kagara yayan Imam, wannan na samari ne masu son kirari da sara da suka, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi da dabarunsu.

Amma wanda nake so in tsaya a kansa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma daga gasar 1933 ɗin, tun yana malamin makaranta a Bauchi, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Wannan ba na taro ba ne, ka bari sai yara sun kwanta, sai ba ka jin komai sai iska tana kaɗa kwanon rufi. Wani dattijon malami ne almajiransa suka tambaye shi asalinsa sai ya fara ba su labari, yadda aka sace shi yana ƙaramin yaro, yadda ya faɗa hannun masu cinikin bayi har aka kawo shi Kano, yadda wani Balarabe ya tafi da shi ƙetaren Sahara ya riƙe shi kamar ɗa ya ba shi ilimi, ita kuma mahaifiyarsa ta bar komai ta bi sawunsa ita kaɗai har ita ma ta faɗa bauta. Ba zan faɗa muku ƙarshensa ba. Abin da nake so ku lura da shi, Ɓalewa bai yi ihu a littafin nan ba, bai cika shi da kuka ba, a natse yake ba da labarin da muryar mutumin da ya riga ya miƙa wa Allah komai, kuma wannan natsuwar ce take sa abin ya fi shiga jiki. Sannan ga mu 'yan Kano labarin ba na nesa ba ne, kasuwar Kurmi da muke shiga sayen turare da jan ƙarfe tun zamanin Muhammadu Rumfa take, ta nan ayarin raƙuma suke ɗaukar kaya zuwa Tarabulus, kuma a cikin abin da ake ɗauka har da mutane, gaskiya ce mai ɗaci amma tarihinmu ce. Akwai wurin da guguwar rairayi ta taso wa ayari a tsakiyar hamada, in kana karanta wurin nan cikin Janairu, ƙurar da ta kwanta a kan tagarka ita ma daga Saharar iska ta kwaso ta, ba sai an yi maka bayanin komai ba. Ni a ganina duk Bahaushe ya kamata ya karanta shi bayan ya girma, karatun da aka yi masa a sakandare bai isa ba, don sai ka haifi ɗa kake gane abin da matar nan ta ji.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ma na wannan lokacin daren ne, mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, saurayin ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta zo ta cinye wanda bai ji ba bai gani ba har da shi mai ramuwar. Haka Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, yaron da ya baro ƙauye ya shigo birni yana zaton nan ne daɗi yake, in kana karanta shi ka tuna da yaran da suke kwana a tasha da ƙarƙashin gada cikin sanyin nan, za ka ji littafin kamar jiya aka rubuta.

Yanzu kuma ga namu na gida, wanda ake cewa adabin kasuwar Kano, littattafan da suka ɓarke tun tsakiyar shekarun 1980 marubuta suna buga abinsu da kuɗinsu. Akwai masu raina su su ce ai soyayya ce kawai, ni ban yarda ba, a ciki akwai shara akwai zinare kamar kowane adabi, aikinka ka iya zaɓe. 'Yar uwa in kina son wanda zai hana ki barci ki nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, Rabi da 'ya'yanta tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro wata ya kore ta daga gidan, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta, duk wanda ya taso a cikin birni ya san wata Rabi ko a danginsu ko a layinsu. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, Aliyu Kamal ne ya fassara aka buga a Indiya, wato har waje sun san darajarsa. Wa Zai Auri Jahila? shi ma nata ne, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, kuma wannan ina roƙon maza su ma su karanta, kar ka ce littafin mata ne, musamman in kana da 'ya'ya mata. Masu son soyayya tsantsa ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya 'yar masu hali da Muhammad talaka, ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, wanda da shi mata suka shigo fagen buga ƙagaggen labari da Hausa, ga kuma littattafan Bilkisu Funtuwa da iyayenmu da yayyenmu suka yi ta yayi. Wata shawara a nan, irin waɗannan sun fi daɗi in ku biyu ne, miji da mata ko ya da ƙanwa, ɗaya na karantawa ɗaya na saƙa ko tsifar kai, a tsaya a yi gardama waye mai laifi a ci gaba. Na san gidajen da maganar da aka kasa yi kai tsaye ta fito ta bakin littafi, mace ta ce ka ga abin da Alhaji Abdu ya yi ko, mijin ya gane inda aka dosa ba tare da an yi faɗa ba.

Samari 'yan shekara 13 zuwa 18 su ne masu wuyar kamawa, aku ya yi musu yarinta, Rabi ba ta dame su ba. Su a ba su na jarumta, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo wanda tun 1969 ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya, ko littattafan yaƙi da aljanu irin waɗanda marubutan Kano suka cika kasuwa da su. Wasu iyaye suna hana na yaƙin suna cewa ƙarya ce zalla, to ai duk ƙagaggen labari ƙage ne, ni dai gara yaro ya kwana yana bin sadauki cikin dajin aljanu da ya kwana a bakin layi, kuma wanda ya saba da juya shafi wata rana da kansa zai nemi mai nauyi. Sai dai ka fara leƙawa kafin ka miƙa. Na ban tsoro kuwa, masu maita da fatalwa, ba na hana babba, daren hunturu da kukan iskarsa ya dace da su ƙwarai, amma kar a karanta su gaban ƙananan yara, kai za ka sha wahalar raka su banɗaki har sanyi ya wuce. Dare Dubu da Ɗaya ma duk da sunansa ya yi kama da na yara akwai wuraren da ba na yara ba ne sam, babba ya karanta ya zaɓo abin da zai ba su da baki.

Masu karanta Turanci ba na ce ku bari ba, Zaynab Alkali tana nan da The Stillborn na 1984, Abubakar Adam Ibrahim ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016 da Season of Crimson Blossoms, wannan na manya ne. Gandun Dabbobi kuma fassarar Bala Abdullahi Funtuwa ce ta littafin George Orwell, ka ba ɗan siyasar gidanku ya karanta. Amma ko da Turanci ka fi sabawa ka sa na Hausa ko guda ɗaya a hunturun nan.

Ina ake samu? Tsofaffin nan na Imam da Ɓalewa da sauransu kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC na Zariya ne yake buga su, kuma da yake ana karanta su a makarantu ba sa wuyar samu wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari da Kurmi da shagunan kusa da makarantu. In ka je kar ka biya sai ka buɗe, ka duba lambar shafi daga farko har ƙarshe, akwai bugun da za ka tarar shafi ya ɓace ko an maimaita ko tawada ta dushe har ba ta karantuwa da fitila, ka ɗaga shi ka ga ɗinkin ko zai jure juyi. Na kasuwar Kano kuma yawanci kashi-kashi suke zuwa, na 1 da na 2 da na 3 wani har na 4, to kar ka kuskura ka sayi na 1 kaɗai ka ce ka dawo, ka haɗa su duka a hannu tukunna, don babu takaicin da ya kai ka kai ƙarshen na 2 ƙarfe 11 na dare ka je kasuwa washegari a ce na 3 ya ƙare. In kuɗi ne matsala ka fara da gida, ka tambayi Anti ko Umma ko yayarku da ta yi aure, da yawa suna da jaka ko akwati cike da littattafan da suka tara tun suna 'yammata, a ƙarƙashin gado ƙura na ci. A da kusan kowace unguwa akwai mai ba da hayar littafi, yanzu sun ragu sosai, amma ku da kanku kuna iya yin irinsa, mutum biyar kowa ya sayi ɗaya a dinga musaya duk Juma'a, a rubuta wa ya karɓi me a ɗan littafi don aro ba ya dawowa in ba a rubuta ba. Ga kuma ɗakin karatu na Murtala Muhammad a kan titin Ahmadu Bello, wanda yake da sarari da rana ya shiga ya zauna.

Maganar waya kuma, ba zan ce haramun ba ce, yanzu yawancin sababbin marubuta musamman mata a waya suke sakin labarinsu, ta WhatsApp da Wattpad da manhajojin littattafan Hausa, kuma akwai masu alƙalami na gaske a cikinsu, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna haka, gajerun labaranta ma sun dace da daren da ka gaji ba ka iya dogon karatu. In a waya za ka karanta ka sauke labarin tun da rana, da dare ka kashe data gaba ɗaya don in saƙo yana shigowa ba karatu kake ba, ka rage hasken fuskar wayar ka ƙara girman rubutu, ido da ma a bushe yake da ƙura kar ka ƙara masa. Sannan ka tace, akwai na batsa da yawa suna yawo da sunan labari, kar ka tura wa ƙanwarka abin da ba ka karanta ba. Kuma don girman Allah in marubuciya ta ce littafinta na kuɗi ne a biya ta, baiwar Allah ta kwana tana dannawa da babban yatsa wata da watanni, wani ya saya sau ɗaya ya watsa wa dubu kyauta, wannan haƙƙi ne kuma shi yake sa masu iyawa suna ajiye alƙalami. Wanda ido ya yi wa rauni ko bai yi boko ba shi ma ba a bar shi ba, gidajen rediyon Kano suna karanta littattafai, a YouTube ma akwai masu karantawa, ka saukar wa Hajiya a wayarta ta saurara cikin bargo.

Littafin takarda kuma hunturu yana wahalar da shi, takarda tana bushewa ta yi ƙarau musamman tsohuwa, bango ya nannaɗe, don haka in an gama a sa shi a leda ko cikin akwati kar a bar shi kan taga, kar a naɗe kusurwar shafi don alama sai ta karye, a sa 'yar takarda ko tsinken tsintsiya. Wanda ya shafa basilin ko man kaɗanya a hannu ya goge yatsu kafin ya taɓa, maiƙo in ya kama takarda ba ya fita. Ka kuma yanka wa kanka lokacin rufewa tun kafin ka buɗe, ƙarfe 11 ya isa ga mai fita aiki ko kasuwa, don asubar hunturu da ma sai an yi da gaske ake rabuwa da bargo balle an kai ƙarfe 2 ana bin Malam Zurƙe, in ka ga labari ya fara cin sallarka ka matso da lokacin karatun baya, ka fara ana idar da isha'i. Daga yanzu zuwa lokacin da zafi zai fara leƙowa a ƙarshen Fabrairu, mai karanta rabin awa da yara da awa ɗaya shi kaɗai zai iya gama Magana Jari Ce duka ukun ya haɗa da sirara huɗu ko biyar, don haka gobe in ka fita ka biya ta Sabon Gari ko Kurmi ka ɗauko na ɗaya, ka sa fitila a rana kafin ka tafi.